KIMIYYA A SAUƘAƘE: Yadda Gidan Sauro Ke Koyar Da Awon Allon Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa kwana cikin gidan sauro ya riga ya ga abin da wannan fili zai yi bayani a kansa a wannan mako, ko da bai mai da hankali ba. Idan gari ya waye aka naɗe gefen gidan sauron aka aza shi bisa ɗaya gefen, watau raga ta hau kan raga, sai a ga waɗansu ratsi-ratsi masu duhu da masu haske sun bayyana, suna lanƙwashewa kamar igiyar ruwa a bakin tafki. Da an ɗan motsa ragar sai su gudu su sake kama. In kuwa aka raba su, sai a nemi ratsin a rasa, domin haɗuwar ragar biyu ce ta haife shi. Haka ake ganinsa in an haɗa rariya biyu aka ɗaga su wajen haske, ko kuwa a talabijin sa'ad da mai karanta labarai ya sa riga mai ƙananan ratsi, a ga rigar tana walainiya alhali mai ita yana zaune cif.

Wannan abu da yara ke wasa da shi ma'auni ne mai kaifin gaske, har ya kan nuna karkatar da ba ta kai kaurin silin gashi ba. Wanda ya san yadda ake karanta shi yana iya gane lafiyar allon kwamfuta cikin ɗan lokaci, ba tare da ya kwance ko kusa guda ba. Kuma sanin yana da amfani ga aljihu, domin kowace rana ana cinikin allunan kwamfuta na hannu a kasuwanni, tun daga Ikeja har Kano, ana kuma jibge su a makarantu da ofisoshi da wuraren buga takardu. Akan sayi mai aibi da kuɗin mai lafiya, akan kuma yar da mai lafiya saboda wani ɗan saiti da ba a gane ba.

ASALIN SUNAN

Faransawa ne suka ba duniya sunan wannan zane, suna ce masa moiré, watau "muware" a bakin Bahaushe. Asalinsa sunan wani yadin alharini ne mai ƙananan kunyoyi, wanda ake ninkawa biyu a matse shi tsakanin ƙarafa masu zafi. Kunyoyin bisa su danne na ƙasa a wani wuri, su saɓa musu a wani wuri, sai yadin ya fito da zane kamar an zuba masa ruwa. Masana harshe da suka bi sawun kalmar sun tarar tushenta Larabci ne, "mukhayyar", watau zaɓaɓɓe, sunan wani yadin gashin akuya da fatake suka riƙa kaiwa ƙasashen Turai.

LISSAFIN DA KE CIKI

Kafin a kai ga allo, wajibi ne mai karatu ya fahimci dalilin ratsin, kuma kalanda za ta taimaka. Shekarar rana kwana 365 ce, ta wata kuwa kwana 354, bambancinsu kwana 11. Saboda wannan ɗan bambanci ne watan Azumi ke zagayawa daga bazara zuwa hunturu, ya faɗa kaka, ya shiga damina, ba ya komowa inda ya tashi sai bayan shekara 33 ko kusa da haka. Da a ce bambancin kwana 5 ne kurum, da zagayen ya haura shekara 70. Ke nan gwargwadon ƙanƙantar bambanci, gwargwadon tsawon zagaye.

To, haka abin yake ga layuka. A ɗauki takardar roba mai garai-garai guda biyu, kowace faɗinta santimita 10. A ja baƙaƙen layuka 100 a kan ta farko, kaurin kowane layi daidai da filin da ke tsakaninsa da na kusa da shi. A ja 101 a kan ta biyu, sa'an nan a haɗa su. A gefen hagu layi zai hau kan layi, haske ya sami kafar wucewa, wurin ya yi fari. Ana tafiya dama layukan ta biyun suna ɗan zamewa, har a tsakiya su toshe kafofin ta farkon, wurin ya yi duhu. A gefen dama kuma su sake haɗuwa. Sakamakon shi ne ratsi guda mai duhu, ƙato, wanda ko daga nesa ana ganinsa. Alhali bambancin tazarar layukan biyu bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba, abin da babu idon da zai iya gani. In layukan ta biyun 102 ne, ratsi biyu za a gani. In 105 ne, biyar. Wannan ita ce ƙa'idar da kome ya rataya a kanta: kowane ratsi guda yana nufin zamewar layi guda.

Haka kuma in layukan biyu daidai suke amma aka ɗan juya ɗaya, ratsin zai fito a gicciye. Idan tazarar layukan milimita 1 ce aka juya digiri 1, tsakanin ratsi da ratsi zai zama kamar milimita 57; in aka juya digiri 2, ya koma kamar 29.

A shekarar 1874 wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, wanda daga baya ya sami kyautar Nobel a 1904, ya bayyana cewa ana iya amfani da wannan ratsi a gwada ingancin gilasan da ake ja wa dubban layuka don rarraba haske zuwa launukansa. A 1923 kuma Vasco Ronchi na birnin Fulorans a Italiya ya fito da hanyar gwada madubai da gilasan hangen nesa da irin waɗannan layuka, kuma masu sassaƙa madubin kallon taurari ba su daina aiki da ita ba. Masu ɗab'i su ma sun san muware, sai dai a wurinsu abokin gaba ne. Hoton jarida ɗige-ɗige ne, saboda haka a hoto mai launi ake karkata jerin ɗigon kowane tawada zuwa kusurwarsa dabam, baƙi digiri 45, ja-ja 75, shuɗi 15, don kada su haɗu su ɓata fuskar mutum da ratsi.

ALLO MAI ƘEYA

Tsohon allon kwamfuta mai ƙeya, ɗan'uwan tsohuwar talabijin, ya samo asali daga ƙwan gilashin da Bajamushe Karl Ferdinand Braun ya ƙera a 1897. A can cikin ƙeyar akwai bindigar da ke harbo ilektaron, a wuyan ƙwan kuma akwai naɗin waya mai aikin maganaɗisu wanda ke karkata harbin hagu da dama, sama da ƙasa, yana zana hoto layi bayan layi a bayan gilashin gaba. Tun da hoton zana shi ake yi sabo a kowane lokaci, babu abin da ya ɗaure shi wuri guda. In naɗin wayar ya goce, ko kayan wutar ciki suka tsufa, ko aka ajiye lasifika kusa da shi, sai hoton ya karkace. Har maganaɗisun ƙasa kansa yana taɓa shi, shi ya sa masana'antu kan daidaita na arewacin duniya dabam, na kudanci dabam.

Karkatar iri-iri ce. Akwai wadda gefunan hoto ke lotsawa ciki kusurwoyi su yi tsini, kamar matashin kai. Akwai wadda gefunan ke kumburowa waje kamar cikin tulu. Akwai wadda sama ke fin ƙasa faɗi. Akwai wadda hoton duka ke kishingiɗa gefe guda. Mafi wuyar ganewa ita ce wadda hoton ke miƙewa a wani sashe ya takure a wani, ta yadda da'ira za ta zama ƙwai a gefen allo alhali a tsakiya lafiyarta lau. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To, a nan kimar ba ta isa ba, musamman ga mai zanen gini ko taswira, wanda zai gyara abin da ba shi da laifi don allo ya yi masa ƙarya.

Irin wannan allo ya ja baya ƙwarai. Kamfanin Sony, wanda ya fito da Trinitron a 1968, ya daina ƙera shi a 2008. Amma akan tarar da shi a tsofaffin ɗakunan karatu da wajen masu gyara, kuma gwada shi ne ya fi bayyana dabarar.

Ga yadda ake yi, a ɗauki misalin allo mai inci 15. A kunna shi a bar shi ya yi kamar rabin sa'a, domin hoton yana ɗan motsawa kafin ƙwan ya ɗumama. A sa kwamfuta ta aiko da ɗigo 800 a kwance, 600 a tsaye, a daidaita faɗin hoton da rula ya zama milimita 280. A cika allon da layuka a tsaye, ɗigo biyu baƙi, ɗigo biyu fari, bi da bi. Wannan zai ba da baƙaƙen layuka 200, tsakanin kowane da na gaba milimita 1.4. Sai a buga layuka masu wannan tazara a kan takardar roba mai garai-garai, girman takardar ofis ta A4, a manna ta a fuskar allon. Mai dubawa ya ja baya kamar taku biyu, ya tsaya daidai tsakiya, ya rufe ido ɗaya.

Idan allon lafiyayye ne, zai ga ratsi ɗaya ko biyu miƙaƙƙu, masu faɗi daidai da juna. Waɗannan ba laifi ba ne, kaurin gilashin ne ya kawo su, domin hoton yana bayan gilashi takardar kuwa tana gabansa. Idan ratsin ya cunkushe a gefe guda ya warwatsu a ɗaya gefen, hoton ya miƙe ko ya takure a wurin. Idan ya lanƙwashe kamar baka, ciwon matashi ne ko na tulu. Idan ya jirkice ya nufi kwanciya, hoton ne ya kishingiɗa, ko kuwa takardar ce ba ta zauna daidai ba. Kuma ƙirga ya fi kallo: in aka tarar da ƙarin ratsi uku a wata kusurwa, hoton ya goce daga muhallinsa da ninki uku na milimita 1.4, watau ya ɗara milimita 4. Daga nan sai a riƙa murɗa maɓallan gyaran siffa da ke gaban allon ana kallo, har ratsin ya miƙe ya ragu. Bayan haka a maimaita da layuka a kwance don a gwada tsayin hoton.

Mai hankali zai tambaya, in na'urar buga takardar ce ba ta ja layukan daidai ba fa? Maganin wannan mai sauƙi ne. A juya takardar, gefen hagu ya koma dama. Idan lanƙwasar ta bi takardar ta sauya wuri, laifin takarda ne. Idan ta tsaya inda take, na allo ne.

Akwai kuma wani muware da allo mai ƙeya ke yi shi kaɗai ba tare da an aza masa kome ba. A bayan gilashinsa akwai wani faifan ƙarfe mai dubban ƙananan huji, ko kuwa jerin siraran wayoyi a irin na Trinitron, wanda ke sa kowane harbi ya faɗa kan launinsa, ja ko kore ko shuɗi. Layukan hoto sukan yi karo da wannan faifai su haifi ratsi mara ƙarfi a bayan rubutu. Abin mamaki shi ne allon da harbinsa ya fi kaifi shi ya fi nuna wannan ratsi, saboda haka ganinsa kaɗan ba dalilin ƙin saye ba ne. Da yawansu suna da maɓallin rage shi, wanda ke ɗan dusashe hoton.

ALLO SHAFAFFE

Shafaffen allo na zamani, wanda jama'a kan kira filasma ko da ba filasma ba ne, gininsa dabam ne. Ɗige-ɗigensa a kafe suke tun daga masana'anta, kamar ramukan dara. Mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye yana da gidaje 2,073,600, kuma in girmansa inci 24 ne, faɗin kowane gida kamar milimita 0.28 ne. Ba ya lotsawa, ba ya kumbura, lasifika kuma ba ta dame shi ba. Ciwonsa shi ne saɓani tsakanin ɗigon da kwamfuta ta aiko da gidajen da ke jiransu. A nan ba a bukatar takardar roba, domin allon kansa shi ne raga ta farko, hoton kuwa raga ta biyu.

Abin da ake bukata shi ne zane mafi ƙanƙanta: ɗigo guda baƙi, ɗigo guda fari, sama da ƙasa da gefe, kamar saƙar tabarma. Ana iya yinsa da kowace manhajar zane, a yi ɗan murabba'i mai ɗigo biyu a kowane gefe, a sa kwamfuta ta jera shi ya cika allo kamar tayil. Sharaɗi guda ne: kada a faɗaɗa shi, kada a rage shi, domin manhajar da ta ja hoton ita ma za ta haifi nata ratsin, a zargi allo a banza. Idan kome daidai yake, daga nesa za a ga allon ya zama toka-toka sumul, ba ratsi ba rawa.

Saɓani na farko na yawan ɗigo ne. Alal misali, allo mai gida 1366 a kwance, kwamfuta kuwa tana aiko masa 1360. In ya miƙe hoton don ya cika fuskarsa, sai a ga ratsi shida a tsaye, watau daidai bambancin lambobin biyu. A cikin waɗannan wurare shida rubutu kan yi dishi-dishi, mai karatu ya yi ta murza ido yana zaton tsufa ne ya zo. Gyaran bai wuce a zaɓi ainihin lambar allon a cikin saitin kwamfuta ba.

Na biyu yana zuwa ta tsohuwar wayar VGA, mai shuɗin kai da tsinke 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, wadda kuma har yanzu ta cika makarantu da ofisoshi. Wannan waya ba ta ƙirga ɗigo. Tana kawo hoton a gudane ne kamar ruwa a lambatu, sai allon ya yanka shi gida-gida da kansa. In saurin yankansa ya saɓa wa na kwamfuta, ratsi a tsaye za su bayyana, yawansu gwargwadon saɓanin. In saurin ya yi daidai amma yana yankawa a kan iyakar ɗigo maimakon tsakiyarsa, sai a ga toka-tokar tana rawa tana tartsatsi. Na farkon ana gyara shi a inda aka rubuta Clock cikin jerin saitin allon, na biyun a inda aka rubuta Phase, kuma dole a fara da na farko. Maɓallin Auto yana yin duka biyun, ya kuma fi dacewa in an danna shi sa'ad da wannan zane ke kan allo. Wayoyin DVI da HDMI, da yake lambobi suke aikawa, ba su da wannan ciwo.

Na uku na masu haɗa kwamfuta da talabijin ne. Talabijin da yawa suna faɗaɗa hoto kaɗan su yanke bakinsa, al'adar da suka gada daga zamanin mai ƙeya. Zanen tabarmar zai tona wannan nan take da ratsi a tsaye da kwance, sai a nemi saitin da ke sa kowane ɗigo ya zauna gidansa. Haka majigin bango yake: in an gyara karkatar hotonsa da maɓalli maimakon a daidaita zamansa, ɗigon zai saɓa wa gidajensa.

ABUBUWAN KIYAYEWA

Na ɗaya, hoton allo da aka ɗauka da wayar hannu ba shaida ba ne. Idon kyamara shi ma raga ne mai miliyoyin gidaje, saboda haka yakan haifi ratsi a kan allon da ba shi da laifin kome, kuma ratsin yana sauyawa da an matsa gaba ko baya. Wanda aka aiko masa da irin wannan hoto kada ya yaba kada ya kushe. Ba a cinikin biri a sama. A je a kunna a gani.

Na biyu, wannan gwaji bai san kome ba game da launi, ko ƙarfin haske, ko ɗigon da ya mutu. Waɗannan ana gano su ta hanyar cika allon da launi guda: fari, sa'an nan baƙi, ja, kore, shuɗi.

Na uku, kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe allo mai ƙeya. Ƙarfin wutar da ke cikinsa yakan kai bolt 25,000, kuma ƙwan yana riƙe wuta bayan an zare shi daga soket. In ya mutu kada a fasa shi ko a ƙone shi, domin gilashin ƙeyarsa yana ɗauke da dalma mai yawa, wadda guba ce, musamman ga yara.

Na huɗu, ƙananan ratsi masu walainiya sukan tayar wa waɗansu masu farfaɗiya ciwonsu, sukan kuma sa wa waɗansu ciwon kai. Mai irin wannan larura ya bar wa wani gwajin.

Shugaban makarantar da zai karɓi alluna hamsin daga ɗan kwangila, da matashin da ya tara kuɗi zai buɗe shagon buga takardu, da mai gyaran da ke son a riƙa komowa wurinsa, duk abin da suke bukata shi ne wannan ɗan zane a cikin filas, da minti biyu ga kowane allo. Wanda ya nuna toka-toka sumul a karɓa. Wanda ya nuna ratsi a ƙirga, a duba lambar ɗigo, a danna Auto, a sauya waya. In an yi duk wannan toka-tokar ba ta daina rawa ba, to, a mayar wa mai shi tun kuɗi bai bar hannu ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai rai, filin zai duba dalilin da ya sa launin da ake gani a allo ba ya fitowa daidai a takarda.